Na zare sakata, Malam ya sa hannu bai gani ba

Anti mai ba da shawara,

Don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri, domin kwana huɗu suka rage mini. Yau Litinin. Ranar Juma'a da yamma za a rufe karɓar gyara a wurin aikinmu, kuma in ban buɗe baki kafin nan ba, ɓarnar da na yi da hannuna za ta shiga kwamfutocin mutanen da ban san adadinsu ba. In kuma na buɗe baki, zan tona asirin dattijon da ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa. Layin farkon nan ma sau uku ina goge shi.

Na san wasiƙun da kika saba samu na aure ne da na dangi da na maƙwabta. Tawa ta wurin aiki ce, aikin ma irin wanda in na fara bayaninsa a cikin dangi sai a miƙo mini ruwa a canza magana. Ki yi haƙuri in yi miki shi a taƙaice, don in ba ki gane shi ba, ba za ki gane abin da yake cina ba. Kowace kwamfuta tana da wata manhaja a can ƙasa wadda ba a ganinta, ita ce take tafiyar da sauran. Kanel muke ce mata. In kika buɗe fayil, ko kika adana shi, ko kika rufe, ta hannunta ake bi. Wadda nake aiki a kanta ba ta kamfani ɗaya ba ce. Mutane ne da yawa daga ƙasashe daban-daban suke gina ta a fili, kowa yana ganin aikin kowa, kuma tana cikin injinan asibitoci da makarantu da ofisoshi. Ni ina ɓangaren fayiloli. Shekarata uku a ciki, daga wani lungu na falonmu, tsakanin firij da taga, a kan teburin da ƙafarsa ɗaya take tsaye kan tsohon littafi.

Kwamfuta ayyuka da yawa take yi a lokaci guda. Duk inda ayyuka biyu za su iya kai hannu kan abu ɗaya su ɓata shi, sai a sa abin da ni nake kira sakata. Kamar banɗakin gidan haya ne: wanda ya shiga ya sa sakata, sauran su tsaya a layi har ya fito. Sakata tana hana ɓarna, amma tana jawo layi, layi kuma yana sa inji nauyin jiki. Shi ya sa a wajenmu wanda ya gano sakatar da ba ta tsare komai, ya zare ta lafiya, ana ganin girmansa. Shi ya sa kuma kowa yake tsoron taɓa su.

Duk gyaran da mutum ya yi, faci muke ce masa. Faci yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta shi, a ƙarƙashinsa kuma da sunan wani babba da ya ce ya duba, ya amince. Ana aika shi wani zauren wasiƙu da duk duniya za ta iya karantawa, kuma ba a goge komai a can, ko zagi ko yabo. Babban da yake sa mini hannu shi ne Malam, mai kula da ɓangarenmu shekara goma sha tara ke nan. Gari ɗaya muke da shi, abin da ba kasafai ake samu ba a wannan aiki. Shi ya koyar da ni a kwaleji, shi ya ce in daina ɓata kaina a gyaran firinta in zo in yi aikin gaske, shi ya sa hannu a facina na farko bayan ya dawo mini da shi sau shida. Ranar da mahaifina ya rasu yana cikin waɗanda suka fara zuwa. Yarana Kaka suke ce masa.

Wata biyar da suka wuce na je gidansa da yamma in mayar masa da wata na'ura da ya ara mini. Na tarar da shi gaban kwamfuta, ya ƙara girman rubutu har kalma huɗu ce kawai take cika allon, hancinsa kusan yana taɓa gilashi. Bai ji shigowata ba. Da ya gane na gani, sai ya gaya mini hawan jinin ido ne, kuma likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ya roƙe ni, shi da bai taɓa roƙona komai ba, in rufa masa asiri zuwa ƙarshen shekara, ya samu ya shirya wanda zai miƙa wa ɓangaren, ya sauka da mutuncinsa. Na yi masa alkawari. Tun daga nan, duk Asabar nakan je in karanta masa faci da baki, nawa da na wasu, layi bayan layi. Ya jingina da kujera ya rufe ido yana saurare, ya yi tambayoyi, in ya gamsu ya sa hannu. Kuma wallahi Anti, kunnen Malam ya fi idon mutane da yawa. Sau nawa yana tsayar da ni a tsakiyar layi ya ce in koma baya, in koma in tarar da kuskure a zaune.

Sakatar da ta jawo mini wannan bala'i tana wurin rufe fayil. Bayanin da ke gefenta ya ce tana tsare ƙidayar fayilolin da suke buɗe ne. To shekara takwas da suka wuce an sauya yadda ake wannan ƙidaya, ta koma irin wadda ba ta buƙatar sakata, amma aka bar sakatar a wurin, ana ta bin layi a banza. Haka na gani, haka kowa zai gani. Mako uku na yi ina bin duk hanyar da ta ratsa ta wurin, ashirin da bakwai ne, na rubuta su a takarda na manna a jikin firij ina sokewa ɗaya bayan ɗaya. Na zare ta, layi goma sha ɗaya kacal. Na gwada, manyan injina suka ƙara sauri da kashi bakwai cikin ɗari.

Da na karanta wa Malam, ya ce aikin ya yi kyau, sai ya yi mini tambaya guda. Ya ce ko na bi tarihin sakatar har ranar da aka fara sa ta, na karanta abin da wanda ya sa ta ya rubuta. Domin a wajenmu kowane faci yana da takardar bayaninsa, ana ajiye su tun daga na farko. Ni kuwa na bi tarihin ne zuwa shekara takwas ɗin nan kawai, inda na ga an sauya ƙidaya, na ce na samu amsata, na tsaya. Yamma ta yi, ƙaramar 'yata tana gida da zazzaɓi, kuma in faɗa miki gaskiya ɗokin ganin sunana a kan wannan aiki yana cina. Na ce masa eh, na bi. Ko ɗar ban ji ba. Ya lalubo kibod ya sa hannu.

Aka karɓa, aka yaba. Akwai wani a zauren da muke kira Jan Biro a bayan idonsa, saboda ba ya barin faci ya wuce bai zana masa ja ba. Shi ma kalma biyu ya rubuta: ya yi. Na ɗauki hoton kalmomin nan biyu na tura wa ƙanwata, wadda ba ta san me suke nufi ba amma ta taya ni murna. Kaina ya kumbura, har tafiyata sai da ta canza.

Baban yara malamin makaranta ne, labarin ƙasa yake koyarwa. Larabar da ta wuce kwamfutarsa ta ƙi tashi, ya ari tawa ya rubuta tambayoyin jarrabawa. Tawa kuwa sabon kanel ɗin gwaji ne a kanta, mai facina a ciki. Ya gama, ya adana a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ya rufe, ya tafi. Da aka je bugawa a makaranta, tambayoyi uku na ƙarshe babu su. Fayil ɗin ya buɗe lafiya lau, bai yi kukan komai ba, wutsiyarsa ce kawai ta ɓace. Ya dawo gida yana ta sababi, ya zagi filas, ya zagi wanda ya sayar masa da shi, daga baya ya koma zargin kansa, wai ko tsufa ne ya fara kama shi ya manta bai rubuta ba. Ina tsaye a kicin ina yanka albasa sai na ajiye wuƙar, domin na san ta inda wutsiyar fayil take bi. Na bar shi yana zargin ƙwaƙwalwarsa.

Washegari da yara suka tafi makaranta na rubuta ɗan gwaji: aiki ɗaya yana adanawa a filas, wani yana rufewa a daidai lokacin, a yi ta maimaitawa. Sau dubu goma, shiru. Har na fara sakin numfashi. Da aka kai dubu arba'in, fayil uku sun fito guntaye. Na mayar da sakatar, na maimaita sau dubu ɗari biyu, ko ɗaya bai gutsure ba. Na sake zare ta, suka sake fitowa. Ashe sakatar aiki biyu take yi. Bayan ƙidayar, ita ce take tsayar da mai rufe fayil har mai kwashe ragowar rubutu zuwa faifai ya gama. A faifai mai sauri abin ba ya nunawa, shi ya sa gwajin kowa ya wuce lafiya. Sai a mai nauyin jiki, irin filas da tsofaffin injina, wato irin waɗanda talakawa suke amfani da su.

Sannan na yi abin da na ce wa Malam na riga na yi. Na bi tarihin har tushensa, shekara goma sha shida baya. Minti goma ya ɗauke ni, Anti, minti goma! Layin ƙarshe na bayanin ya ce wannan sakata tana kuma sa rufewa ta jira kwashewa, kada a zare ta sai an tanadi madadinta. Sunan da ke ƙasa na Malam ne. Shi ya sa ta da hannunsa. Dubban faci sun bi ta gabansa tun lokacin, ba zai iya tunawa ba, shi ya sa ya tambaye ni ko na duba.

Tun ranar ban sake cin abincin kirki ba. Sau uku cikin dubu arba'in ba wani abu ba ne in kwamfuta ɗaya ce, amma ki ninka shi da duk injinan da za su ɗauki sabuwar fitowar manhajar bayan Juma'a. Ina zaune sai in ga wata ma'aikaciyar asibiti ta adana sakamakon gwajin jini, layin ƙarshe ya tafi, ba wanda ya sani. In ga ɗalibi ya adana kundin da ya shekara yana rubutawa. Ko waya ta yi ƙara sai in ɗauka an gano. Zauren wasiƙun da nake buɗewa kafin in wanke fuska, yanzu sai na yi addu'a nake leƙa shi. Baban yara ya ga ina ƙin abinci ina zarya banɗaki, ya fara murmushi yana satar kallon cikina, har ya buga wa mahaifiyarsa waya. Jiya ta zo da kanta tana ce mini in rage zama gaban injin nan, in riƙa ɗaga ƙafa. Ko dariya ban iya yi ba.

Kaina ba shi ne babban abin tsorona ba, ko da yake ba zan ce ba na tsoron wankin babban bargon da za a yi mini a gaban duniya, a wurin da ba a gogewa. Abin da yake hana ni sakat shi ne Malam. Da zarar na ce sakatar nan tana da amfani, Jan Biro zai bi tarihin, shi ba zai tsaya a shekara takwas ba. Zai fito da layin nan ya tambaya a fili yadda aka yi mutum ya sa hannu a zare sakatar da shi ya sa, da gargaɗin da shi ya rubuta. Dama ya daɗe yana cewa Malam ya yi sanyi, amsoshinsa sun gajarce, sai ƙarshen mako yake sa hannu. Daga wannan tambaya zuwa maganar ido taku ɗaya ne. Shekara goma sha tara na aiki mai tsabta za su ƙare da cewa ya riƙa sa hannu a abin da bai gani ba, kuma ni ce sila, ni da ya amince wa.

Akwai hanya ta uku, ita ce take ta yi mini raɗa a kunne. In rubuta wani faci in sa masa suna mai sanyi, kamar gyaran tsari a wurin rufe fayil, in mayar da sakatar a cikinsa ta wata siga ba tare da na faɗi dalili ba. In kai wa Malam kafin Juma'a, in karanta masa abin da na ga dama, ya sa hannu. Fayiloli su tsira, shi ya tsira, ni ma in tsira. Har na rubuta shi, yana nan a kwamfutata. Abin da ya tsayar da ni, akwai waɗanda suka riga suka kwashi facina na farko suka sa a nasu injinan don saurin da yake bayarwa. In ban ce akwai haɗari ba, ba za su san suna buƙatar na biyun ba. Amma su ba su da yawa, haka nake ta gaya wa kaina.

Anti, na rasa tudun dafawa. In yi magana in karya alkawari, ko in gyara a ɓoye, ko in yi shiru in roƙi Allah kada abin ya faɗa kan kowa? Ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Don girman Allah in za ki buga wannan, ki sauya duk abin da zai nuna shi.

Taki cikin damuwa,
Wadda ta ce eh

*

'Yata,

Na aiko miki da wannan amsa ranar da wasiƙarki ta iso, ban jira bugun mako ba, kuma abin da masu karatu suke gani an sauya masa duk abin da zai nuna ku. Ki kwantar da hankalinki ta wannan gefen.

Ban san kanel ba, wayata ma jikata ce take saita mini. Amma kin yi bayani har na gane, kuma abin da na gane bai buƙaci ilimin kwamfuta ba. An yi miki tambaya, kin ce eh, alhali rabin eh ce. Komai daga nan ya taso, kuma daga nan za a fara gyara.

Facin ɓoyen nan ki goge shi yau. Kin rubuta mini da hannunki cewa za ki karanta wa Malam abin da kika ga dama ya sa hannu. Ki sake karanta wannan jimla taki a hankali. Ƙaryar farko ta gajiya ce da ɗoki, ga yarinya a kwance, kowannenmu yana iya yin irinta. Ta biyun kuwa da shiri za ki yi ta, kuma raunin idon mutumin da kike cewa kina karewa shi za ki yi amfani da shi. Ranar da ta fito, sunansa ne za a tarar a ƙarƙashin rufa-rufar da bai san da ita ba, wannan kuwa ya fi maganar ido muni. Su kuma waɗanda kika ce ba su da yawa, ba ki ƙirga su ba, fata kike yi. Shirun ma ba hanya ba ce. Mutanen da fayilolinsu za su gutsure ba su san Malam ba, ba su kuma shiga alkawarinku ba.

Tsoro ya sa kin ɗaure asiri biyu da igiya ɗaya, ki kwance su. Naki shi ne ba ki bi tarihi har ƙarshe ba kika ce kin bi. Wannan naki ne, ke za ki faɗe shi. Nasa shi ne idonsa, wannan kuma ba naki ba ne balle ki faɗa. Ki rubuta wa zauren saƙo gajere: a mayar da sakatar kafin Juma'a, ga abin da kika gani, ga gwajin da kowa zai iya maimaitawa, waɗanda suka kwashi facin farko su yi hattara. Sannan ki ƙara cewa mai dubawa ya tambaye ki ko kin bi tarihin har tushe, kika ce masa kin bi alhali kin tsaya a hanya, kuma ki kawo layin gargaɗin nan da kanki kafin wani ya tono shi. Gaskiya ce tsantsa, kuma ita kaɗai ta amsa yadda aka yi ya sa hannu: ya yi tambayar da ta dace, aka ba shi amsar da ba daidai ba. Mai ido biyu garau ma yana dogara da maganar ɗalibar da ya yarda da ita.

Ba zan yaudare ki ba, wannan ba lallai ya rufe bakin Jan Biro ba. In aka tambaye ki kai tsaye game da lafiyar Malam, kada ki yi ƙarya, kada kuma ki faɗa. Ki ce wannan tambaya tasa ce, a yi masa ita. Kuma ki daina kallon Jan Biro a matsayin abokin gaba. Bakinsa ba daɗi, na yarda, amma abin da yake tsoro ya faru, ga shi a kwamfutarki.

Malam ma yana da nasa kason, ko da yake na san ba kya son jin haka. Ina tausayinsa ƙwarai. Mutum ya ba aiki shekara goma sha tara, idonsa yana tafiya a hankali, ba laifi ba ne ya so ya sauka da ƙafarsa. Amma sa hannunsa yana cewa ya duba, mutane kuma da wannan suke dogara. Zaman Asabar ɗinku ya ɗora ɓangare guda a kan idon mace ɗaya mai yara da gajiya, ba wanda yake duba bayanta. Ƙarshen shekara ya yi nisa. Ki gaya masa da ladabi ba za ki sake kawo masa faci ya sa hannu ta wannan hanya ba, sai an samu mutum na biyu mai dubawa wanda kowa ya sani. In ya faɗi halin da yake ciki da bakinsa, wataƙila abokan aikinsa su ce ya ci gaba da kunnen nan nasa a fili, da mai ido a gefensa. Wataƙila kuma su ce ya huta. Hukuncinsu ne, amma gara ya same shi yana tsaye ya faɗa da kansa.

Gobe da safe, da yara sun tafi makaranta, ki je gidansa. Ba waya ba, da ƙafarki. Ki tafi da saƙon a rubuce. Ki fara karanta masa layin da ya rubuta shekara goma sha shida baya, sannan ki gaya masa abin da kika yi, kada ki fara da zazzaɓin yarinya, kada ki yi kwana-kwana. Ki karanta masa saƙon duka, kalma bayan kalma, ba abin da kika ga dama ba. Ki aika shi a goben, don a samu kwanakin gwadawa. Kada ki kai shi Juma'a.

Za a yi miki faɗa, wasu ma su wuce gona da iri, kuma zai zauna a rubuce kamar yadda kika ce. Ba zan ce ba zai yi zafi ba, ba kuma zan yi miki alkawarin za a ba ki irin wannan aiki nan kusa ba. Sai dai a wurin da ba a gogewa, za a kuma tarar da sunan wadda ta gano ɓarnar, ta gwada sau dubu ɗari biyu, ta faɗa kafin ta fita duniya. Baban yara ma ki gaya masa yau. Bawan Allah yana can yana zargin ƙwaƙwalwarsa, mahaifiyarsa kuma ta fara ƙirga watanni.

Malam yana iya yin fushi, yana iya yin shiru, yana ma iya roƙonki ki bari. Ki saurare shi har ya gama, sannan ki ce masa saƙon zai tafi yau, da yardarsa kike so ya tafi, amma ba ita yake jira ba. Ban jin mutumin da ya zauna ya rubuta gargaɗi domin wanda bai sani ba zai ce a bar fayilolin mutane su gutsure don a bar shi a kujera. In kuwa ya faɗi haka, tsoro ne yake magana da bakinsa, irin wanda ya sa kika rubuta facin ɓoye, sai ki yafe masa kamar yadda kike so ya yafe miki.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya gobe da safe, ya sassauta wa Malam, ya fitar da ku da mutuncinku ku biyun. Ki ci abinci kafin ki fita.

Antinki